Neman shawara kan koyar da karin maganar Turanci da Hindi tare da haɗa murhun hasken rana

Ɗalibar Jaipur ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina karatu a birnin Jaipur na jihar Rajasthan a ƙasar Indiya, kuma a ranakun Asabar nakan taimaka a wata makarantar firamare da ke bayan gari, inda aka ba ni yaran aji biyar. Shugabar makarantar ta nemi in shirya abubuwa biyu kafin Ranar Kimiyya ta Ƙasa, wadda ake yi a kowace ranar 28 ga Fabrairu. Na farko shi ne in koya wa yaran wasu karin maganganu na Turanci tare da takwarorinsu na Hindi, na biyu kuma mu haɗa murhu mai dafa abinci da hasken rana, da kayan da ake iya samu a gida. Hindin da nake ji bai wuce na gaisuwa da na cefane ba, yaran kuma da yawansu harshen Dhundhari suke yi a gida, sai sun zo makaranta suke haɗuwa da Hindin littafi da Turanci. Ta yaya zan koyar da karin magana ba tare da abin ya koma hadda zalla ba? Wane irin murhu ne yara masu shekara 10 za su iya haɗawa da hannunsu, ya kuma dafa abinci da gaske? Sannan ko ya fi kyau in raba ayyukan biyu, tunda a zahiri babu abin da ya haɗa su?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Zan taɓa ɓangaren murhu, na bar harshe ga masu shi. Murhun rana iri uku ne aka fi sani: mai siffar akwati, mai fukafukai masu sheƙi da ake jingina tukunya a tsakiyarsu, da kuma mai siffar faranti wanda ke tattara haske wuri guda. Wannan na ukun kada ki kusance shi da yara, domin yana iya ƙona fata ko ya cutar da ido nan take. Irinsa ne manya, ƙirar Wolfgang Scheffler, ake amfani da su a garin Abu Road na nan jiharku ta Rajasthan wajen dafa wa dubban mutane abinci da tururi, kuma hotonsu ya ishi yara kallo. Abin da ya dace da aji shi ne akwati, wanda asalinsa ya koma ga Horace de Saussure, masanin ƙasar Suwizalan da ya gwada akwati mai murfin gilashi a 1767.

Ki nemo kwali biyu, ƙarami da babba, yadda idan aka saka ƙaramin a cikin babban zai rage tazarar aƙalla santimita 5 ta kowane gefe har da ƙasa. A cika wannan tazarar da tsoffin jaridu da aka dunƙule, ko ƙaiƙayin shinkafa, ko auduga, muddin dai abin ya bushe sarai, saboda iskar da ke maƙale a tsakaninsu ita ce ke hana zafi tserewa. Kada a sa farin soson nan da ake naɗe kayan lantarki da shi a kusa da ciki, domin yana narkewa ya fitar da wari mai cutarwa. A manna takardar alminiyum a bangon cikin ƙaramin kwalin, a shimfiɗa farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti marar sheƙi a ƙasansa, a ɗora gilashi a sama ya zauna daram ba tare da kafa ba. Murfin babban kwalin kuma a lulluɓe shi da alminiyum, a tokare shi da ɗan itace, ya riƙa mayar da haske cikin akwatin. Ƙaramin kwalin kada ya yi zurfi, ya ɗan ɗara tukunyar tsawo kawai, domin bango mai tsayi inuwa yake yi wa abinci.

Bayanin da yara za su iya riƙewa bai wuce matakai uku ba. Haske yana ratsa gilashi, baƙar tukunya tana shanye shi ya zama zafi, gilashi da jaridu kuma suna tsare zafin. Da tsakar rana, idan sararin sama ya yi garau, ƙarfin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yakan kai kusan wat 1000, kuma akwatin da aka haɗa da kyau yakan haura digiri 100 a ma'aunin Salshiyas.

Akwai abin da ya shafi garinku wanda ya kamata ki lura da shi. Jaipur tana wajen digiri 27 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a wannan lokacin rana ta karkata kudu, kuma kudu murhun zai fuskanta. Agogon Indiya ɗaya ne ga ƙasar baki ɗaya, ku kuma kuna yamma, don haka a ƙarshen Fabrairu rana ba ta kai tsakiya sai wajen ƙarfe 12:40. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a dafa lokacin da inuwar yaro ta fi shi gajarta, wato daga wajen ƙarfe 11 zuwa 2:30. Idan kika yi gwaji a Janairu kika ga bai yi zafi sosai ba kada ki karaya, rana ce ba ta hau ba tukuna.

Mazaunin Lucknow ya amsa:

Ƙanwata, a ganina kada ki raba su, domin murhun rana yana da wani hali da zai yi miki amfani: ana ɗora tukunya sai a zauna jira na sa'o'i biyu ko uku, kuma wannan jiran shi ne ajin harshenki. Ki zaɓi maganganun da suka shafi wuta da tukunya da abinci, waɗanda yara ke ganin kayansu a gabansu.

Wadda za ki fara da ita ita ce "Birbal ki khichdi", wato khichdin Birbal; khichdi dafa-duka ce ta shinkafa da wake. Birbal bafade ne a fadar sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, kuma da wuya ki sami yaro a arewacin Indiya da bai san tatsuniyoyinsa ba. A labarin, wani talaka ya kwana tsaye a cikin ruwan sanyi domin ya ci kyautar da sarki ya yi alkawari, sai aka hana shi da hujjar cewa ya ji ɗumin wata fitila da yake hangowa daga nesa. Birbal bai yi gardama ba. Ya hura wuta a ƙasa, ya rataye tukunyar khichdi can sama nesa da ita, ya ce ba zai zo fada ba sai ta dahu. Da sarki ya ce wannan wutar ba za ta taɓa dafa tukunyar ba, sai ya gane da kansa cewa fitilar ma ba ta ɗumama talakan ba. Har yau idan aiki ya ƙi ƙarewa sai a ce ana dafa khichdin Birbal. To ki tambayi yaran: rana tana da nisan kusan kilomita miliyan 150, me ya sa tamu tukunyar za ta dahu alhali ta Birbal ta ƙi? Amsar tana cikin bayanin da Malamin Kimiyya ya yi a sama, kuma daga nan sai ki kawo musu "a watched pot never boils" ta Turanci, wato tukunyar da aka zuba wa ido ba ta tafasa, daidai lokacin da suke leƙen gilashin suna ƙosawa.

Ga wasu da ke tafiya tare. "Aag mein ghee daalna", wato zuba man shanu a wuta, ita ce "add fuel to the fire". "Aasman se gira, khajoor mein atka" tana nufin ya faɗo daga sama ya maƙale a bishiyar dabino, Bature kuma ya ce "out of the frying pan into the fire", mu kuma mu ce an gudu ba a tsira ba. "Daal mein kuchh kaala hai", akwai baƙin abu a cikin miyar wake, ita ce "something is fishy", kuma duk Bahaushe ya san da walakin goro a miya. Wadda na fi so ita ce "doodh ka jala chhachh bhi phoonk phoonk kar peeta hai": wanda madara mai zafi ta ƙona, ko tsala aka ba shi sai ya hura kafin ya sha. Ta fi "once bitten, twice shy" armashi nesa ba kusa ba, kuma ba laifi yara su ji cewa wani lokacin harshensu ne ya fi iya faɗar abu. Ki ba su tamu ma, ta wanda maciji ya sara ya ga tsumma ya gudu. Na lura yaran nan suna jin daɗi idan baƙo ya kawo nasa, ba tambaya kawai yake yi ba.

Game da ƙarancin Hindinki, kada ya dame ki. Ki sa malamin Hindi na makarantar ya rubuta su a allo da haruffan Devanagari, yaran su koya miki furuci.

Malamar Harshe ta amsa:

Na yarda da haɗa ayyukan, amma ina da ja a kan jera maganganu biyu-biyu kamar yadda Malam na Lucknow ya yi, ko da yake misalansa sun yi kyau. Littattafan makaranta sun cika yin haka, sai yaro ya ɗauka kowace magana tana da tagwai a ɗaya harshen, alhali sau da yawa kama ce kawai. Ana yawan haɗa "make hay while the sun shines" da "bahti Ganga mein haath dhona", wanke hannu a kogin Ganga yana gudana. Ta Turancin shawara ce ta yin aiki a kan lokacinsa, ta Hindin kuwa takan zo da ɗan zargi, a kan mutumin da ya ga dama ta samu ya tsoma hannu shi ma. Yaron da ya haddace su a matsayin abu ɗaya zai yaba wa wanda ake gugar zana. Saboda haka duk lokacin da kika haɗa biyu, ki tambayi ajin wa ake faɗa wa wannan, a wane hali, kuma yabo ne ko habaici.

Na biyu, malaman Hindi suna bambanta "muhavara" da "lokokti". Ta farko guntun zance ce da ake sakawa cikin jimla ana juya aikatau ɗinta, kamar "nau do gyarah hona", tara da biyu sha ɗaya, wadda ke nufin ranta a na kare. Ta biyu cikakkiyar jimla ce da ake faɗa yadda take. Yaran za su gamu da wannan bambancin a jarrabawa, don haka kada ki cakuɗa musu.

Na uku, kada ki wuce guda shida ko bakwai gaba ɗaya, kuma ki bar tsoffin da Turawan yau ba su cika faɗa ba, irin su "raining cats and dogs". Hanyar da na ga tana aiki ita ce yaro ya fara zana ma'anar zahiri, misali raƙumi da ƙwayar jeera ɗaya (wani kayan ƙanshi mai ƙananan ƙwayoyi) a bakinsa domin "oont ke munh mein jeera", a yi dariya, sannan yara biyu-biyu su shirya 'yar gajeriyar hira da maganar za ta fito a cikinta. Ki kuma ba su aikin gida su tambayi kakanninsu karin magana ɗaya a Dhundhari, domin wannan ne harshen da suka fara jin habaici a cikinsa.

Ɗalibar Jaipur ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Malam, me ya kamata mu dafa a ranar, kuma ko leda za ta iya maye gurbin gilashi, tunda ina tsoron yara su yanke?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Gilashi ya fi riƙe zafi, kuma mai yankan gilashi zai iya goge miki bakinsa, ki bi gefen da salatif mai kauri, ke kaɗai kuma za ki riƙa ɗaga shi da tsumma a hannu. Ledar da aka yi domin gashi a tanderu tana aiki idan aka ninka ta biyu, amma ledar cefane narkewa za ta yi.

Khichdi ɗin ya dace, tunda labarin ya riga ya kawo shi. A jiƙa shinkafa da ɓararren waken moong tun da safe, a zuba a baƙar tukunya marar kauri mai faɗi da murfi, a rage ruwa kaɗan a kan yadda aka saba domin tururi ba ya fita sosai. A ɗora ƙwai ko ƙananan dankali a gefe idan akwai wuri. A bar akwatin ya yi rabin sa'a a rana kafin a saka tukunya, a riƙa juya shi yana bin rana duk bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya, ana duba inuwarsa ta faɗi a bayansa sak. Kada a buɗe don juya abinci, ba ya kamu, kuma kowace buɗewa tana zubar da zafin da aka daɗe ana tarawa. Roti, wato gurasar Indiya, da suya ba sa yiwuwa a akwati. Jan waken rajma kuma kada a saka shi ko kusa, domin yana da guba da ba ta mutuwa sai an tafasa shi da ƙarfi na aƙalla minti 10, zafi mai laushi bai isa ba.

Ki sa ma'aunin zafi na tanderu a ciki inda za a iya karanta shi ta gilashi, yara biyu su riƙa rubuta lamba duk bayan minti 15, wasu biyu kuma su ajiye farar tukunya da ruwa daidai na baƙar domin a kwatanta. Idan gajimare ya rufe rana abincin ya daɗe ƙasa da digiri 60, kada a ba yara shi, a ƙarasa shi a wutar ɗakin girkin makaranta tun da wuri. Tururin da ya taru a gilashi har yana gangarowa alama ce ta cewa shinkafar ta kusa, sai ki ƙara mata kamar minti 20 kafin ki buɗe, fuskokin yara kuma su yi nesa da tukunyar lokacin ɗaga murfi.