Nawa ake biyan wanda ke zaune kusa da ke?

Maman Biyu (Aboabo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan wani abu yana cina a rai, na ce bari in kawo shi nan, ko wata ta taɓa shiga irinsa. Shekarata shida ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin sayar da kayan gini a Adum, nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Bara aka ɗauki wani yaro da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, aka ce in koya masa aiki. Ni na nuna masa yadda ake shigar da rasit, ni na nuna masa yadda ake rufe littafin wata, har yau in lissafi ya ƙi daidaituwa teburina yake zuwa. Ranar Litinin na je ɗaukar wata wasiƙa a na'urar buga takardu, sai na tarar ya manta takardar albashinsa a kai. Wallahi ban yi niyyar dubawa ba, ido ne ya faɗa. Sidi 3,200. Ni kuwa 2,500 nake karɓa.

Na sami manaja. Bai ma musa ba. Cewa ya yi yaron yana shirin aure, ni kuwa ina da miji mai ciyar da ni. Sannan ya tambaye ni wa ya ba ni izinin ganin albashin wani. Wannan tambayar ta fi kuɗin yi mini zafi, don sai na fito daga ofishinsa kamar ni ce na yi laifi. Don Allah duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malamar firamare (Asawase):
Wa alaikumussalam Yaya. Na sha wannan ruwan. Shekara huɗu na yi a wata makarantar kuɗi, a ambulan ake miƙo mana albashi, ɗaya bayan ɗaya, mai makarantar kuma kullum sai ta ce, kar ki gaya wa kowa, ke kaɗai na ƙara wa. Kowace a cikinmu tana tafiya da murna tana ganin ita ce 'yar lele. Sai ranar da wani malami zai bar aiki ya faɗi nasa a ɗakin malamai, aka yi tsit. Maza ukun da ke makarantar duk sun fi mu, har da wanda na girme shi a aiki da shekara biyu.

Yanzu ina makarantar gwamnati. Tun 2010 da aka fara tsarin albashi na bai ɗaya, matakinki shi ne kuɗinki, mace ko namiji, kowa ya san abin da ke kan kowane mataki. Ban ce babu matsala ba, don wajen ƙarin girma da ƙaro karatu maza sun fi mu samun sarari, mu haihuwa da reno suna ja mana baya. Amma aƙalla ba wanda zai kira ni gefe ya yi mini raɗa.

Kawun yara (Tafo):
'Ya'yana, ni dai a yi hattara. Iyayenmu sun ce rufin asiri ya fi komai. Ranar da unguwa ta san albashinka, ranar buƙatun dangi za su yi sallama, ga hassada ga baki. Kuma gaskiya ce, ciyarwa da kuɗin haya a wuyan namiji suke.

Hajiyar Sawaba:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Shekara tara da rasuwar maigidana. 'Ya'ya huɗu, ni ce haya, ni ce kuɗin makaranta, ni ce asibiti. A otal ɗin da nake girki ba wanda ya taɓa cewa, Hajiya, tunda ke ce uwa ke ce uba ga ƙari. In da nauyin gida ake duba wajen biya, da na fi kowa albashi a kicin ɗin nan. Ba a tuna da maganar nauyi sai za a rage wa mace. Mai shinkafa a kasuwar Kejetia ba ta rage mini farashi don ni mace ce, motar haya ta trotro ma kuɗi ɗaya muke biya da kowa. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Gumin aka ambata, Kawu.

Kuma ba wanda ya ce a yi shela a masallacin Juma'a. Ɓoye wa dangi daban, ɓoye wa wadda kuke aiki ɗaya a ɗaki ɗaya daban.

Anti mai ɗaukar ma'aikata (Bantama):
Maman Biyu, ƙanwata, shekara goma sha ɗaya ina zaune a ɗaya gefen teburin, bari in gaya miki yadda ramin yake haƙuwa. Da tambaya ɗaya ake farawa ranar ganawa: nawa ake biyan ki a inda kika baro? Duk abin da kika faɗa, a kansa za a ɗora ɗan ƙari. In an cuce ki a wurin farko, kin ɗauko cutar ke nan kin kawo wuri na biyu da na uku. Na ga maza da yawa sun ce kuɗin bai yi musu ba, an ƙara nan take. Mata kuwa yawanci godiya suke yi su sa hannu, don tun muna yara aka koya mana cewa ciniki a kan kanmu rashin kunya ne. Wadda ta daure ta nema, na sha ji bayan ta fita an ce idonta a buɗe yake da yawa. Akwai kuma abin da ba a rubutawa: a kalli sabuwar amarya a ce nan da shekara za ta tafi hutun haihuwa na mako 12, sai a ƙirga shi a kanta tun ba ta fara aiki ba.

Doka tana bayanki. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1992 da sashe na 68 na dokar ƙwadago ta 2003 duk sun ce aiki iri ɗaya, biya iri ɗaya, ba tare da bambanci ba. Akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da ake kai mata ƙara. Amma ta yaya za ki kai ƙarar abin da ba ki san ana yi miki ba? A nan gizo ke saƙa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a farkon 2022 mata masu aikin albashi suna samun ƙasa da maza da kashi 34.2 cikin ɗari. A Ingila tun 2017 dole manyan kamfanoni su bayyana tazarar albashin maza da mata kowace shekara. Mu a nan sai takarda ta faɗi a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsufa. SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, daga ainihin albashinki take cirewa, kashi 5.5 daga gare ki, 13 daga mai aiki, alawus ba ya ciki. Fansho kuma a kan watanni 36 mafi tsoka ake lissafa shi. Wannan sidi 700 ɗin ba a Adum zai tsaya ba, zai bi ki har ranar da kika daina iya fita. Ki je ki karɓi bayanin asusunki, ki ga ma nawa suke rubuta miki a can. Na san wadda ta duba ta tarar rabin albashinta ake kai wa.

Ɗan sito (Suame):
Ni namiji ne, kuma an taɓa sa ni yin shiru. Ni da wata baiwar Allah muke riƙe da sito, makulli ɗaya, littafi ɗaya. Aka yi mini ƙari aka ce kar ta ji. Wata biyar ina cin abinci tare da ita ina jin nauyi a ƙirjina. Ranar da na gan ta tana neman rancen kuɗin jarrabawar ɗanta na kasa, na nuna mata saƙon banki a wayata. Ta nema, ba a ba ta duka ba, an ba ta rabi. Oga ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Ban yi nadama ba.

Kawun yara (Tafo):
Hajiya, na ji, kuma maganarki ta shige ni. 'Yata ma a banki take aiki, ban taɓa tambayarta ba. Yau zan kira ta.

Maman Biyu (Aboabo):
Allah ya saka da alheri, musamman Anti. Jiya bayan an tashi mu huɗu muka tsaya, mata uku da yaron nan, don da na gaya masa shi ma jikinsa ya yi sanyi, ya ce ya zaci na ninka shi. Kowa ya rubuta nasa a takarda muka ajiye a tebur. Mai karɓar kuɗi, shekararta takwas, 2,100. Ta daɗe tana kallon takardar ba ta ce komai ba. Mun rubuta wasiƙa ɗaya, duk mun sa hannu har da shi, muna neman a fito da matakan albashi a rubuce. Gobe da safe zan biya ofishin SSNIT kafin in shiga aiki, Litinin kuma mu miƙa wasiƙar. Ku sa mu a addu'a.