Gezar aksolotil ɗinmu ta koɗe, dan Allah a taimaka

Maman_Biyu:
Salam jama'a. A Ingila muke zaune, wata biyar kenan da yarona ya dame ni sai da na siyo masa aksolotil, wata 'yar dabbar ruwa da ake kiwo a tanki, wai a wasan bidiyo na Minecraft ya gani. Irin farin nan ne mai baƙin ido. To abubuwan nan uku-uku na gefen kansa masu kama da geza da yake numfashi da su, da jajur suke gwanin sha'awa amma tun satin da ya wuce sun koɗe sun lanƙwaso gaba wajen fuska, sili-silin jikinsu ma kamar raguwa suke. Jiya na ba aksolotil ɗin tsutsar tana ko kallo bata ishe shi ba. Kuma ruwan tas yake, ranar Asabar na wanke komai har soson filta, na'urar tace ruwan tankin, a famfo. Yaro sai kuka wlh na rasa yadda zan yi

MaiTanki:
Wslm Hajiya. Koɗewar kaɗai ba abin tashin hankali bace, jini ne ke sa gezar ja, in yana kwance yana hutawa sai ta yi fari-fari, da ya motsa ko ya ci abinci ta dawo ja, a farare an fi gani. Lanƙwasowa gaban nan da ƙin cin abincin su suka dame ni. Kuma kiyi haƙuri, wanke soson nan a famfo shine ɓarnar, akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani a ciki da suke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashinsa, kulorin ɗin famfo kashe su yake. Ruwa sai ya zama garau a ido alhali yana ƙona masa geza. Ki nemi abin gwajin ruwa na ɗigo, amoniya da naitirait dole su zama 0, naitiret kar ya wuce 20 in da hali (bakteriyar ce ke maida amoniya naitirait, sannan ya koma naitiret). Nan gaba a tsohon ruwan tankin zaki dinga matse soson.

Zafin ruwan nawa ne?

Dan_Fagge:
Ikon Allah, wai wannan kifi ne ko ƙadangare? Ni da na ga hotonsa na ɗauka na roba ne

MaiTanki:
Ba ko ɗaya malam, dangin su kwaɗo ne amma shi baya barin ruwa har ya tsufa. Asalinsa tafkin Xochimilco a birnin Meziko, can ma ya kusa ƙarewa. Ruwa mai sanyi yake so, digiri 16 zuwa 18, kaga a zafin Kano na watan Afrilu ga rashin wuta kar ma ka fara.

Maman_Biyu:
Na auna yanzu, digiri 24 ne, tankin kusa da taga yake kuma kwana biyun nan ana rana. Amoniya kuma ruwan gwajin kore ya yi, 1 takardar launukan gwajin ta nuna. Innalillahi ashe ni ce na ja masa

Anti_Nas:
Kwantar da hankalinki 'yar uwa, nima nawa ya taɓa yin haka har da wani farin abu kamar auduga a gezar, fumfuna ce. Ki cire shi yau ɗin nan ki sa a roba mai murfi da 'yan huji, ruwan sanyi da kika ɗiga maganin cire kulorin, ki dinga canza ruwan duka kullum har tankin ya daidaita, zai iya ɗaukar sati uku ko fiye. Tankin ki janye daga taga ki kunna masa fanka tana hura saman ruwan. Banda zuba ƙanƙara kai tsaye, sauyin zafi farat ɗaya shima wahala ne. Gishiri da wasu ke cewa ni dai bana so, fatarsu bata da ƙwari, wankan baƙin shayi da ya huce nayi wa nawa kuma ke da baki ga audugar ba ma ba sai kinyi ba. Gezar tana tofowa, halittar da ke maida ƙafa sukutum in ta guntule. In ya kwana biyar bai ci ba ko jikinsa ya fara ja ki kai shi gun likitan dabbobi da ya san irinsu.

Maman_Biyu:
Allah ya saka da alheri, yana cikin robar yanzu a ƙasan kicin inda yafi sanyi. Filtar fa, in bar ta a kunne ko in kashe tunda baya ciki?