Gwajin lilo yana ba ni 9.3 maimakon 9.78, ina matsalar?

Assalamu alaikum malaman fiziks. Ina auna ƙarfin jan ƙasa (g) da lilo a Kano: tsawon zare (L) mita 1 daga maɗauri zuwa tsakiyar ƙwallon ƙarfe, kai-komo 20 cikin daƙiƙa 41.2, wato lokacin kai-komo ɗaya (T) daƙiƙa 2.06 ne. Da g = 4π²L/T² sai in sami 9.3.

Na san kusa da ikwaita g yana raguwa saboda juyawar duniya da nisa daga cibiyarta, amma bai kamata ya gaza 9.78 ba. Sauya nauyin ƙwallon bai canza komai ba, dama haka ya dace. Kusurwar sakin ba ta kai digiri 10 ba. Zaren roba-roba ne, ko miƙewa yake yi? Ko maɗaurin ke motsi? Don Allah a duba mini.