Wai waƙar mutuwa tana rarrashin wanda aka yi wa rashi, ko mai turo ta kawai take rarrashi?

Hauwa: Salam jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai, yau dai sai na faɗe ta ko da za ku ce na yi zafi. Waɗannan waƙoƙin mutuwa da ake yawo da su a waya, masu cewa kar a yi kuka mamaci bai tafi ba yana cikin iska yana cikin hasken safiya, da masu cewa duniya kwana kaɗan ce tashi ka yi abin kirki, ni kam ban yarda suna rarrashin wanda aka yi wa rasuwa ba. Mai turowa suke rarrashi, ya ji ya sauke nauyi ba sai ya zo ya zauna da kai ba. Da Mama ta rasu baiti ɗaya aka turo min ya fi sau goma cikin kwana uku, wai kar in yi kuka ba ta mutu ba. Ni da na riƙe hannunta a gadon asibiti har ya yi sanyi a cikin nawa, ni za a ce wa ba ta mutu ba? Wallahi kife wayar na yi ban ƙara taɓa ta ba sai bayan sati. Batun kuma wai suna sa mutum ya gyara rayuwarsa, kwana biyu ne, kowa ya koma gidan jiya.

Sadiq: Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta. Anti Hauwa a magana ta biyun nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Na sha karanta irinsu da daddare in ji jikina ya yi sanyi, in ce gobe zan kira wane mu shirya, zan daina kaza, gari na wayewa hidima ta taso shikenan, kuma na san ba ni kaɗai ba ne

Malam Bashir: Allah ya gafarta mata. Malama Hauwa, abin da aka yi miki bai kamata ba, amma laifin na wannan baitin ne da kuma lokacin da aka turo shi, bai kamata a shafa wa duk waƙar mutuwa ba. Marsiyya ta gaskiya ba ta taɓa cewa kar a yi kuka, ita kanta kukan ce aka tsara. Ki duba Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa, wadda aka kashe mata ɗan'uwanta Sakhru tun kafin zuwan Musulunci, ta yi shekaru tana masa waƙa, ta ce fitowar rana tana tuna mata shi, faɗuwarta ma haka, sannan ta faɗi wata magana da ta shafi gardamar nan tamu kai tsaye, cewa ba don yawan masu kukan 'yan'uwansu da take gani a kewayenta ba da ba za ta iya ci gaba da rayuwa ba, duk da ta san babu mai kukan irin nata ɗan'uwan. Kin ga ba ta ce ya zama iska ba. Kuma Annabi (SAW) da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To duk baitin da zai hana ki hawaye ya ɗora miki abin da ba a ɗora miki ba.

Hauwa: Malam na ji, amma Khansa'u ai ita ta yi waƙar, ita ta amayar da abin da ke cikinta ta samu sauƙi. Wannan ban musa ba. Ni maganar mai karɓa nake, wanda aka miƙo masa kalmomin wani aka ce ga maganinka

Yaya Aminu: To bari mai karɓa ya yi magana. Ban cika son taɓo zancen nan ba amma tunda an zo wajen zan faɗa. Yarona na tsakiya ya rasu yana ɗan shekara shida. Abin da kusan kowa yake ce min shi ne ka yi haƙuri ai ga sauran biyun nan Allah ya raya maka su, kuma na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai in ce amin, amma a raina kamar ana zuba min gishiri a gyambo, don ni idan na sa yaran a mota zan kai su makaranta har a lokacin ina waiwayawa in ƙirga kawuna, in ga biyu, in ji kamar na manto wani a gida. Takalminsa ya yi wata da watanni a bayan ƙofa ba wanda ya iya ɗauke shi. Wajen wata takwas da rasuwar, Malam Bashir ɗin nan ya karanta min fassarar marsiyyar da Ibnur Rumi ya yi wa ɗansa, shi ma na tsakiya ne. Mutumin Bagadaza, ya rasu tun 896, amma ya ce 'ya'ya kamar gaɓoɓin jiki suke, kowanne da gurbinsa, shin ido zai tsaya a madadin kunne in kunnen ya tafi? Har ya faɗi yadda ganin sauran biyun suna wasa yake ƙara hura masa wutar. Hauwa wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi, kuma daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Abin da nake jin kunyar faɗa, ina ganin kamar butulci ne ga yaran da suka rage min, sai ga wani uba ya faɗe shi fiye da shekara dubu da ta wuce. Ba ni na rubuta ba, karɓa na yi, kuma ta rarrashe ni.

Hauwa: Innalillahi. Yaya Aminu ka yafe min in na fama maka ciwo, Allah ya sa mai ceto ne

Yaya Aminu: Amin ƙanwata, ba komai, ni na ga dama na faɗa

Zainab: Ni a matsayina na nas abin da na ɗauka a labarin Yaya Aminu shi ne wata takwas ɗin nan da kuma cewa mutum ne ya zauna ya karanta masa. A kwanakin farko mutum ko sunan maganin da ka gaya masa minti biyar da suka wuce ba ya riƙewa, kai a ɗaure yake, ina zai sa baiti? A lokacin nan wanda ya zauna kusa da kai ya yi shiru ya fi mai dogon rubutu. Sannan dan Allah kar mu mayar da waƙa magani. Akwai baƙin cikin da yake zarcewa ya zama ciwo, mutum ya kasa aiki ya kasa barci ya kasa kula da kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, idan ya wuce wajen wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Irin wannan likita yake buƙata, ba a ci gaba da tura masa baituka ana cewa ya yi tawakkali ba

Malam Bashir: Wannan gaskiya ne Malama Zainab. Su kansu masu waƙar ba a kwana uku suke yi ba. Tennyson na Ingila abokinsa Hallam ya rasu a 1833 yana ɗan shekara 22, bai fitar da doguwar marsiyyar da ya yi masa ba sai 1850, shekara 17 yana juya ta. Kuma da mijin Sarauniya Victoria ya rasu a 1861 wannan waƙar ta riƙa karantawa, ta kuma rubuta da hannunta cewa ta sanyaya mata rai. Ga wata mai karɓar kenan.

Sadiq: Malam afuwan, ba ita ce ta ci gaba da sa baƙaƙen kaya har ta rasu a 1901 ba? Shekara kusan arba'in fa. Ina rarrashin yake to

Yaya Aminu: Sadiq rarrashi ba mantuwa ba ne. Ni har gobe ban manta ba kuma ba na so in manta. Abin da ya canja shi ne na daina jin ni kaɗai ne a duniya da wannan kayan a kai

Hajiya Binta: 'Ya'yana na karanta duka. Hauwa 'yata Allah ya ba ki haƙuri, uwa ba ta da madadi. Amma zan ɗan kare waɗanda suka turo miki, ba duka ne masu sauke nauyi ba, wasu bakinsu ne ya mutu, sun rubuta sun goge sun rubuta sun goge, suka rasa abin faɗa sai suka ari bakin wani. Kuskuren su bai wuce rashin sanin wanda za su ara ba. Kai kuma Sadiq da kake cewa ba ta gyara kowa, ka san Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa ƙawarta A'isha, kuma idan ka lura ba ta tsaya a kuka kawai ba, halayen mutum take jerawa, haƙurinsa, kyautarsa, yadda yake da mutane, yadda yake riƙe ilimi. Mai sauraro yana hawaye yana kuma jin ma'aunin da za a auna shi da shi ran da ya kwanta. Ni da mahaifin yarana ya rasu abin da ya tsaya min a rai kenan, in aka zo jera nawa halayen me za a samu a faɗa ba tare da an yi ƙarya ba. A shekarar na je na shirya da yayata da muka yi shekara huɗu ba ma ga maciji, kuma ba a yi shekara biyu ba ita ma ta tafi. Da na tsaya jiran ta fara zuwa fa?

Sadiq: Hajiya Allah ya jiƙansu duka. Amma ki gafarce ni, mutuwar Alhaji ce ta tura ki ko waƙar? Ni ina ganin mutuwar ce, waƙar ta zo ta tarar ne kawai. Kuma ai tunanin mutuwa ba alheri kaɗai yake turawa ba, wani cewa zai yi tunda mutuwa zan yi bari in ci duniyata da tsinke

Malam Bashir: A nan ka kama ni Sadiq, ba zan yi gardama ba. Ɗarafa, cikin mawaƙan jahiliyya, abin da ya ce kenan ƙarara, tunda mai yi masa faɗa ba zai iya tare masa mutuwa ba to ya ƙyale shi ya ƙarar da abin hannunsa a jin daɗi kafin ta iso. Mutuwa ɗaya ce, shi ya karanta ta haka, Abul Atahiya na zamanin Abbasiyawa ya karanta ta a gudun duniya. Ashe waƙa ba ta zaɓa wa mutum alƙibla, abin da ke zuciyarsa take ƙara wa ƙarfi. Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa tunda tasirin yana gushewa to ba shi da amfani. Hadisin ai cewa ya yi a yawaita ambaton mai yanke jin daɗi, wato mutuwa, a yawaita fa, don an san ɗan Adam mai mantuwa ne, ji ɗaya ba ya riƙe shi. Kuma a nan waƙa ta fi lacca, tana da kari tana da amsa-amo, tana maƙalewa a ka ko ba ka so, lacca ta awa guda ka tashi da jimla biyu, baiti kuwa sai ya faɗo maka bayan shekara goma daidai lokacin da ka ɗaga hannu za ka sa hannu a takardar da ka san akwai haƙƙin wani a ciki.

Sadiq: Ko kuma ya faɗo maka ka sa hannun duk da haka

Malam Bashir: Yana faruwa, sosai ma. Amma ka sa kana sane

Hajiya Binta: Sadiq ɗana, mutuwar ta girgiza ni, gaskiyarka, amma girgiza ba ta gaya maka inda za ka nufa. Wata uku ina zaune ban san me zan yi da kaina ba. Tambayar nan ta me za a faɗa a kaina ita ta nuna min ƙofar gidan yayata. Kai kuma wanen nan da ka ce za ka kira ku shirya, yana raye ko?

Sadiq: Yana raye Hajiya

Hajiya Binta: To dare bai yi ba tukunna

Hauwa: Ni dai ban janye maganata a kan baitin da aka turo min ba, har yanzu in na gan shi a sitatus ɗin wani wucewa nake da sauri, kuma har yanzu ina ganin yawancin masu fowadin ɗin nan ko karantawa ba sa yi har ƙarshe. Amma abin da Khansa'u ta ce na fitowar rana ya tsaya min, don Mama da asuba take kirana kullum, ko ba ta da abin faɗa sai ta ce dama in ji kin tashi ne, yanzu wata goma sha ɗaya kenan duk asuba sai na duba wayar. Malam in akwai fassarar gabaɗaya ina so, amma ban san ko zan iya karantawa ni kaɗai ba

Malam Bashir: Akwai, zan rubuta miki da hannu in ba Hajiya

Hajiya Binta: Kawo min Malam. Hauwa ran da kika shirya ki kira ni in zo, ko ba mu karanta ba ma zauna