Neman shawara: malamina ya ƙi sa hannu a sakamakon gwajin jinin mutum 60

Nasiru: Assalamu alaikum. Manyana, don Allah a taimaka mini. Ina digiri na biyu a fannin gwaje-gwajen asibiti a jihar Tamil Nadu, kudancin Indiya. Yayana ne ke biyan kuɗin makaranta, bana tsadar dala ta sa sai da ya sayar da fili kafin ya cika na zangon ƙarshe. Bizata saura wata uku, ba a sabunta ta sai da takardar makaranta, a gida kuma an riga an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Aikina a kan sinadarin kolinestares ne na cikin jini, wanda ke narkar da saksametoniyom, allurar da ke sakin tsoka kafin a zura wa majiyyaci bututun numfashi. Na karanta cewa mutanen kudancin Indiya suna da ƙarancinsa. Na auna mutum 60, 22 suka fito ƙasa da ƙima. Malamina ya ce ba zai sa hannu ba, in sake. In ƙara mutane ne, ko in nemi a canza mini malami?

Dakta Bala: Wa alaikumus salam. Nasiru, tun daga tushen aikin ka saki hanya. Mutanen kudancin Indiya ba tsatso ɗaya ba ne. Al'ummomi ne birjik, kowace na aure a cikin gidanta, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cuɗanyar jini tsakaninsu ta ja baya tun kusan shekara 1,900 da suka wuce. Abin da ka karanta a kan 'yan Baisiya ne, 'yan kasuwar Andhra Pradesh da Telangana da Tamil Nadu. A binciken da ya fito a 2006 daga Koyimbatur, kusan mutum 1 cikin 24 a cikinsu ba shi da sinadarin kwata-kwata, alhali a Turai da Amurka 1 ne cikin 100,000. Sauyi guda ne ya jawo, mai suna L307P, a BCHE, ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin. Mutum 22 cikin 60 ɗin da ka tsinto barkatai ba gado ba ne, wani abu ne ya taɓa gwajin. Ka rubuta al'ummar kowane mutum? A wace kwalba ka ɗebi jinin?

Hajiya Rabi: Ƙanina, ka ƙara gwajin daibukain, maganin da ake danne sinadarin da shi a ga kashi nawa cikin ɗari ya dannu, a kan jinin da ke hannunka, aiki ya tashi. Mai lafiyayyen sinadari lambarsa kusan 80, wanda ya gaji matsalar ta gefe ɗaya 40 zuwa 60, ta gefe biyu kusan 20. Kuma aikinka na da amfani. Saksametoniyom miligiram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo ba ya wuce minti goma yake sakin mutum, amma marar sinadarin sai ya yi awa huɗu zuwa takwas bai iya jan numfashi da kansa ba. Maganin shi ne a bar shi a kan injin numfashi, a ci gaba da maganin barci don kada ya farka jiki a sandare, kuma kada a ba shi niyostigmin, maganin da aka saba dawo da ƙarfin tsoka da shi, a nan ƙara tsawaita abin yake yi. Abin da ke ci mini rai, ɗakunan tiyatarmu da yawa a gida ko na'urar gwada motsin jijiya babu, saksametoniyom kuwa kullum ana zuƙar shi a sirinji. In haka ta faru sai matsa jakar iska da hannu, ana karɓa-karɓa har dare.

Dakta Bala: Hajiya, ranki ya daɗe, kulawar da kika faɗa daidai ce, amma daibukain ba zai fisshe shi ba. An ƙirƙiro gwajin ne don wani nau'in daban, inda sinadarin yana nan amma ya gurɓata. Na 'yan Baisiya babu shi ne gaba ɗaya. Me za ki danne a abin da ba ya aiki? Wanda ya gada ta gefe ɗaya kuma lambarsa lafiya lau za ta fito, ƙarfin sinadarin ne kawai zai ragu. Tabbaci sai an karanta ƙwayar gadon: jini a kwalba mai jan-algashin murfi ta EDTA mai hana jini daskarewa, a ciro DNA, a yi PCR, gwajin da ke ninka ƙwayar gadon don a karanta ta.

Nasiru: Na gode Dakta. Ban tambayi al'umma ba, nan tambayar mutum asalinsa abu ne mai nauyi, balle ga baƙo irina. Jinin kuma ragowar na masu gwajin suga ne, kwalba mai tokar murfi. Shi ne abin da na samu kyauta, kuma a firji na ajiye shi.

Malam Sani: Innalillahi. Nasiru, abin da ke cikin kwalba mai tokar murfi fuloraid ne, kuma fuloraid yana danne wannan sinadarin kai tsaye. Ga 22 ɗinka nan. Kwalba marar komai ake so a tace ruwan jinin, ko ta hefarin mai hana jini daskarewa. A juya shi a na'ura a raba ruwan da ƙwayoyin jinin cikin gaggawa, wanda jajayen ƙwayoyinsa suka fashe a jefar. A firji mako guda, in zai wuce haka a daskarar a -20°C. Sannan ka ware masu ciwon hanta, masu juna biyu, masu tamowa, da manoman da ke feshin maganin ƙwari, duk waɗannan nasu yana sauka ba don gado ba. Laifin ba naka kaɗai ba ne. Ana karɓar kuɗin ɗalibai baƙi a sake su a ɗakin gwaji babu mai leƙa kwalbar da suka ɗauka, sai aiki ya ƙare a ce a sake.

Dakta A'isha: Ni a ganina ka bar wannan ka koma sikila. Tun 1952 Lehmann da Cutbush suka gano ta a ƙabilun duwatsun Nilgiri, cikin jihar da kake. Nau'in nasu yana zuwa da jinin jarirai mai yawa, HbF, shi ya sa yakan fi namu na Najeriya sauƙi. Ga kuma auren zumunci: a can kawu kan auri 'yar 'yar'uwarsa, inda yiwuwar ɗa ya gaji kwafi biyu na ƙwayar gado ɗaya daga kaka ɗaya take 1 cikin 8, na 'ya'yan wa da ƙani kuma 1 cikin 16. Wannan za ka dawo da shi gida ya yi maka aiki.

Dakta Bala: A wata uku? Ƙa'idojin ICMR, hukumar binciken lafiya ta Indiya, na 2017 sun sa ƙabilu cikin masu rauni da ake tsananta neman izini a kansu, takardun kaɗai za su cinye lokacin. Nasiru, ka zauna a kan aikinka. Ka je wa shugabannin ƙungiyar 'yan Baisiya ta garin da takardar kwamitin ɗa'ar bincike da mai jin Tamilanci ko Telugu, sun san matsalar, da yawansu kan gaya wa likita kafin tiyata a sauya musu zuwa rokuroniyom, wata allurar sakin tsoka. Mutum 60 daga cikinsu, ana sa ran biyu ko uku marasa sinadarin. Wai ma ragowar jinin nan, kwamitin ya ba ka izinin taɓa shi a rubuce?

Nasiru: Shugaban ɗakin gwajin ne ya ce in ɗauka. Kuma Malam Sani, ai ana tsarma jinin sosai kafin a karanta, ina ganin fuloraid ɗin ba zai yi tasiri haka ba, tunda 38 sun fito daidai. Ba ni da kuɗin sabon sinadarin gwaji. Ba zai yiwu in rubuta batun kwalbar a matsayin naƙasun bincike in miƙa a haka ba?

Hajiya Rabi: Ka dai fara gwada daibukain ɗin, ba shi da tsada.