Wane suna za mu ba cutar GVHD da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitoci da malaman Hausa. Taimakonku nake nema a kan wata cuta da ke biyo bayan dashen ɓargo, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da GVHD.

Idan za a yi wa mai sankarar jini dashe, sai an fara karya ɓargonsa da magani mai ƙarfi, sannan a ɗura masa iyayen ƙwayoyin jinin wani (wato ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini) ta jijiya, kamar ƙarin jini. A cikinsu akwai sojojin garkuwar jikin mai bayarwa. Ba su san sabon jikin ba, sai su ɗauke shi abokin gaba, su auka wa fata da hanta da hanji. Tafin hannu da na ƙafa su yi ja da ƙuraje, ido ya yi rawaya, gudawa ta ƙi tsayawa.

Wasu na cewa "ƙin dashe". Wannan ya juya zancen. A dashen ƙoda, jiki ne ke ƙin baƙo. A nan baƙon ne ya tasam ma mai gida. "Butulcin dashe" ma raina bai kwanta da shi ba. Sau da yawa mai bayarwar wa ne ko ƙanwa, kuma ba zan so ya ji an kira kyautarsa butulci alhali ɗan uwansa na kwance ba.

Ni dai na fi karkata ga "tawayen dashe". Da ji ka san wanda ya tayar da fitinar.

Har maganin ma kalmar ta dace da shi, domin tawaye kwantar da shi ake yi. Ba a son a hallaka sojojin kaf, su ne ke farautar ragowar ƙwayoyin sankara. A Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka aka ɓullo da hanyar ba da maganin saiklofosfamayid a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe, daidai lokacin da masu tawayen ke hayayyafa. Sai ya kashe su, ya bar iyayen ƙwayoyin su kama. Albarkacin haka, yanzu ana karɓa daga uwa ko uba ko ɗa, waɗanda dacewarsu da maras lafiya rabi ce kawai.

Inda na tsaya shi ne nau'in da ke daɗewa, mai busar da ido da baki, ya sa fata ta yi tauri. Mu ce "tawaye mai naci", ko kuna da wadda ta fi ta?