Zan mayar da gidan gona masaukin baƙi, wai sai hukumar tsara filaye ta zauna a kai?

Mai_Gona:
Salam 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka min. Muna da gida a cikin gonarmu can bayan gari, ɗaki 5 ne, yara duk sun tashi saura ni da maiɗakina, shi ne muka ce bari mu gyara ɗaki 3 mu riƙa saukar da baƙi suna kwana muna ba su karin kumallo su biya. Na je neman lasisi sai aka ce min filin na noma ne a taswirarsu, sai na cike fam na nemi izini na musamman kuma har maƙwabta za a kira a ji ta bakinsu. Wallahi abin ya ɗaure min kai, gidana ne fa, ba sabon gini zan yi ba. Kuma na riga na fara fenti.

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tsayar da fentin nan tukuna. Su ba ginin suke kallo ba, amfanin da ake yi da shi suke kallo, gidan da iyali ke zaune daban, gidan da baƙo ke biya ya kwana daban ko da bulo ɗaya ba ka ƙara ba. Kuma ba yau aka fara ba, a Amurka tun 1926 kotun ƙoli ta tabbatar wa hukuma ikon kasa filaye gwargwadon amfanin da za a yi da su a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, Ingila ma dokarsu ta 1947 ta sa canza amfanin fili sai da izini.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne sokawe. A ƙauye babu babban bututun ƙazanta na gari, kuma yawanci da adadin ɗakunan kwana ake auna girman ramin, to in na gidanka an yi shi ne don ƙaramin iyali sai a ce ka faɗaɗa ko ka rage ɗakuna, wani lokacin har sai an gwada yadda ƙasar ke shan ruwa. Ruwan rijiya ko burtsatse ma sai an kai gwaji tunda jama'a za su sha. Sai wurin fakin, da mashigar gidan ko direba na hango titi sosai kafin ya fito, da ko motar kashe gobara za ta iya shiga.

Hajiya_Mai_Masauki:
Alhaji ni na bi ta wannan hanyar, ka ji shawarata, ka zaga maƙwabtanka da ƙafarka kafin takardar hukuma ta riga ka. Ni ban yi ba, ranar zama sai ga wani maƙwabci ya miƙe yana cewa zan cika musu hanya da motoci da kiɗan biki, alhali ko a mafarki ban yi niyyar biki ba, haka aka ɗage zaman na yi ta jira. Da aka ba ni izinin ma da sharuɗɗa ya zo, dole ina zaune a gidan, baƙin da suka kwana kaɗai zan ciyar, allon talla ƙarami, ba taro. Har yau ina jin ciwon watannin da na ɓata a banza.

Mai_Gona:
Na gode ƙwarai Hajiya. Injiniya sokawen nan tun ginin farko yake ban taɓa sanin girmansa ba. Harajin gona fa, zai taɓu?

Injiniya_B:
Zai iya taɓuwa, in ana maka rangwame don noma wani wurin sukan cire ɓangaren da ya koma kasuwanci, ka tambayi ofishin haraji da kanka. Inshorar gidan zama ita ma ba kasafai take ɗaukar baƙo mai biya ba. Ka nemi ganawa da jami'in tsare-tsaren kafin ka miƙa fam ɗin, ka tafi da taswirar safiyo da takardar fili, a duba ko akwai wani sharaɗi a jikinta da ya hana kasuwanci.